Amin Mai Amsa-kuwwa

Jiya a unguwar Chow Kit na wuce shagon lasifika, bugun ganga ya daki ƙirjina, sai marigayi maƙwabcinmu na unguwar Sri Petaling ya faɗo min a rai. Baba muke ce masa, dattijo ɗan Jamaika da ya ƙare ƙuruciyarsa yana haɗa kiɗan dub, salon ƙasarsu da ake cire muryar mawaƙi a sa amsa-kuwwa. Kullum cewa yake, "Gwaninta ita ce ka san lokacin cire murya."

Ranar sunan 'yata shi ya riƙe na'urar sauti. Kawuna ya karɓi makirfo don addu'a, sai ya zarce da jawabi, har shinkafa ta fara hucewa, baƙi suna zamewa. Wa zai tsayar da Kawu? Na kalli Baba. Ya jira, yatsansa kan maɓalli, har Kawu ya ce "amin" a tsakiyar zance. Nan take ya sa wa kalmar amsa-kuwwa, amin, amin, amin, ya sauke muryar a hankali. Jama'a suka shafa, suka nufi abinci.

Kawu ya waiga ya ce, "Kai, ɗakin nan akwai albarka!"

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, amin. Wannan amin ɗin kam, kada kowa ya sauke ta.