Jirgin da Zai Kwana a Teku

Lokacin zafi ne, a shekarar da hankalina ya ƙi kwanciya. Kafilin ɗana, wato ubangidansa na wurin aiki, ya ce ya zaɓo masa jirgin ruwan shaƙatawa na hannu, tunda shi zai riƙa tuƙawa. Yaron ya zo unguwarmu ta Mahjar ya nuna mini guda biyu a waya. Babban yana kwana a teku, ƙaramin yana dawowa kafin magariba.

"Umma, sa wa babban albarka."

Na ce, "Ƙaramin nake so, in riƙa ganinka kullum."

"Inji ɗaya gare shi fa, babban biyu. In ya mutu a tsakiyar ruwa, halas, shi ke nan."

Washegari da safe na kira shi, na sa wa babban albarka.