Uwar Haberland Ta Tafi Hutu

Ortwin Haberland ya ƙare ƙuruciyarsa da ƙarfinsa yana tuƙa jirgin ƙasa na cikin gari, kuma bai taɓa ƙetare jar fitila ba. Hotunan gidansu sun ƙone a yaƙi. Kabarin uwarsa ma, da yake a ƙasarsu hayar kabari ake yi, da wa'adin ya cika, hukuma ta ba wani mamacin, cikin ladabi, bayan sanarwa. Abin da ya rage masa na tsohuwar shafi guda ne a littafin wani mai zane da ta yi wa aikatau tana yarinya. Ga ta nan ya zana ta a bakin ƙofa, tana feraye dankali. Littafin yana cikin akwatin gilashi a gidan tarihi, kuma duk Lahadi Haberland yakan sa kwat ya je gaishe ta.

Wata Lahadi sai ya tarar da akuya a wurinta. An juya shafi.

Frau Zielke, mai tsaron ɗakin, ta ce masa haske yana cin takarda, don haka duk shafin da ya sha kallo sai ya yi shekaru a duhu.

"Uwarka ta tafi hutu, Herr Haberland. Akuyar ma ai ba laifi."

"Da ranta ba wanda ya taɓa ba ta hutu," in ji shi.

Bai gaya mata likita ya ce idanunsa ba za su kai baɗi ba. Ya nemi izinin gani na musamman, aka ce za a duba. Aka kuwa duba sosai. Ƙanƙara ta zuba ta narke, lambobin motoci suka fara ɓace masa, sannan fuskokin maƙwabta.

Ranar da izini ya fito, aka zaunar da shi a wani ɗaki mai haske kamar na magariba, ma'aikaci ya buɗe shafin a hankali. Haberland ya sunkuya. Toka-toka kawai. Ya tambaya ko za a ɗan ƙara fitila. Ma'aikacin ya ba shi haƙuri har zuci, ya ce doka ce, don jikoki su samu su gani. Haberland bai taɓa haihuwa ba, amma ya yarda doka ce mai kyau.

Frau Zielke, da ta rako shi, ta raɗa masa, "Kana ganinta?"

"Wane gefe take?"

Ta kama kansa ta juya shi hagu kaɗan. Ya zauna yana fuskantar wurin har lokacinsa ya cika, sannan ya miƙe ya yi godiya, ya ce a nuna masa ƙofa.