Rantsuwata a Kan Gonar Baba Ilu

Ni tela ne a Kazaure kafin in lalace, ɗinki kaɗan, surutu da yawa. Shagona yana kusa da kotu, sai zama a inuwar ƙofarta ya fi mini taka keke daɗi.

A nan wani dillalin filaye ya same ni, yana neman wanda zai ce ya san iyakar wata gona. Na ce, "Alhaji, Alƙur'ani fa za a ba ni in dafa." Ya yi dariya ya ce, "In an tura ka alwala, jiƙa fuska da ƙafa kawai, kar ka yi niyya. Rantsuwa ba ta kama marar alwala." Na san zancen banza ne, amma kwaɗayi ya sa na yarda.

Daga nan abin ya zame mini sana'a. Yau ina Babura, gobe Gwiwa, kowane ƙauye nan aka binne cibiyata. A Roni na rantse cewa a gabana wani tsoho, Baba Ilu, ya sayar da gonarsa. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ban taɓa ganinka ba. Me na yi maka?" Aka karɓe gonar ana gab da shuka.

Na manta gwamnati tana yi wa alƙalai canjin wurin aiki. Wata rana na shiga kotu a Gwiwa, sai ga alƙalin nan na Roni. Ya ce, "Ba kai ne haifaffen Roni ba? Yaushe aka sake haifarka a nan?" Shaidar zur ta kai ni gidan yari.

A can malamin da ke yi mana karatu ya ce Allah yana yafe haƙƙinsa, amma haƙƙin bawa sai mai shi ya yafe. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Ana sakina na nufi Roni. Ɗan Baba Ilu na tarar. Ya ce, "Kotu ta dawo mana da gonar, amma Baba ya rasu bara yana ƙwadago a gonakin mutane. Yafiyar da kake nema ba a hannuna take ba."

Na tuba, na koma kan kekena, hukuma ta gama da ni. Hankalina dai bai kwanta ba har yau, domin akwai sauran zama tsakanina da tsohon nan a gaban Allah. Samari, kar ku dafa Littafin Allah a kan abin da idonku bai gani ba. Wanda kuka zalunta ba lallai ne ya jira tubarku ba.