Illo Mai Sinima da Kibiyar Sarkin Baka

Duk wanda ya saba bi ta unguwar maƙera a Ƙonni bayan sallar asuba ya san abin da zai tarar a ƙofar gidan Illo: tabarma, buta, da mutum zaune ya ɗora wani baƙin ƙarfe a cinya yana share masa ido da gashin zabo. In ya gama sai ya murɗa makullin da ke gefensa kamar mai tayar da agogo, ya kai shi kunne ya saurari kukansa, ƙirrr, har ya tsaya don kansa. Sai a lokacin yake amsa gaisuwa da kyau. Matarsa Safiya ta ce cikin 'ya'yanta bakwai babu wanda ya taɓa samun irin wankan da kamerar nan ke samu.

Ƙarshen watan nan Illo zai aje aiki. Shekara goma sha bakwai ke nan, tun 1961, yana yawo tsakanin Ƙonni da Malbaza da Illela. Da direba aka ɗauke shi, yana jan motar da ke kai sinimar wayar da kai ƙauyuka, har ranar da Nasaran da ke ɗaukar musu hoto ya koma ƙasarsu ya bar masa ƙarfen a hannu. Ya ɗauki hoton haƙar rijiyoyi, ya ɗauki allurar shanu, ya ɗauki manya suna yanka ƙyalle. Waɗannan na buro ne, wato ofishin gwamnati. Abin da ya ɗauka don ransa yana so shi ne gasar harbi ta maharba, wadda ake yi kowace shekara bayan an ɗaure gero, kuma a kanta nake son in yi masa jinjina.

Ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko; Mushe Bawa ake ce mini, don a nan mushe ake kiran malamin lakwal. Ban iya harbi ba. An riƙa gayyata ta gasar ne kawai don na iya rubuta suna da lamba, kuma ba ni da ɗan'uwa maharbi da za a ce na yi wa son kai.

A wurin nan na ga yadda Illo ke aiki. Ba ya sauke kaya daga mota sai ya kai wa Sarkin Baka goro ya nemi izini, sannan ya bi maharba ɗaya-ɗaya ya tambaya. Wanda ya ce ba ya so, in layinsa ya zo, Illo ya cire hularsa ya rufe idon kamera kowa na gani. In maharbi ya juya baya yana gyara layunsa ko yana motsa baki, Illo ma ya juya ya kalli shanu. Wurin tsayuwarsa ɗaya ne: taku uku bayan kafaɗar hagu ta mai harbi. Kuma tun mutum bai ɗana kibiya ba yake tayar da kamera, don kada kukanta ya faɗo masa a kunne bayan ya ja tsirkiya. Wani mataimakin sufurfe, wato babban jami'in gwamnati na yankin, ya taɓa ce masa ya koma gaba ya ɗauko fuskoki. Illo ya ce, "Ranka shi daɗe, fuskar maharbi ta gaba nama kaɗai ka ganinta."

Da fari maharba sun ɗauki abin wasan Nasara. Sai da Cindo na ƙauyen Dogarawa ya ga kansa a jikin farin zane, ya ga yadda gwiwar hannunsa ke faɗuwa duk lokacin da zai saki, abin da ubansa ya shekara yana faɗa masa yana musu. Ya tashi tsaye cikin jama'a ya ce, "Wallahi tsoho ya yi gaskiya!" Tsohon kuwa ya rasu da shekara biyu. Bayan nan samari suka riƙa roƙon a ɗauke su.

To, sai 1969, a fadamar Badagishiri.

Abin harbi ƙwarya ce da aka shafe da farar ƙasa, a kafe bisa sanda, taku sittin daga layi. Aikina in mutum ya gama in je in duba ƙwarya in rubuta, in koma bayan wani gawo in ɓuya. Sarkin Baka na lokacin shi ne Barmo, dattijo ɗan siriri mara yawan magana, wanda aka ce ya fi shekara ashirin bai kuskure ƙwarya ba. Shi ke rufe gasa. Al'ada kuwa, in Sarkin Baka ya ja baka, ko tari ba a yi.

A shekarar nan na sayi farar hular kwano a kasuwar Ƙonni, irin wadda kwamandojin Nasara na zamanin da suka bari. Na kuma lura shekara uku ana nuna fim ɗin gasa ban taɓa fitowa ciki ba, kullum ina bayan gawo. Saboda haka da na duba harbin Cindo, maimakon in ɓuya, sai na tsaya a fili, kamar taku goma sha biyar daga ƙwarya, na cire hular na ɗaga ta gefe ina fuskantar kamera, don in an nuna a Illela ɗalibaina su san ni ne. Idona na kan Illo. Ban ga Barmo ya taka layi ba.

Ji na yi an fizge hular daga hannuna. Da na waiga, tana ƙasa, kibiya ta shiga ta fita.

Wuri ya ɓarke. Mutanen Dogarawa suka hau shewa. Wani cikinsu ya ɗaga murya, "Sarkin Baka ya koma farautar malamai! Mi za a yi da naman mushe, duk alli ne!" Mutanen Badagishiri kuwa suka yi kan Illo. Sallau, babban ɗan Barmo, shi ke gaba, yana yi masa ihu.

"Kai ne! Ƙarfen nan naka shi ya ɗaure hannun Baba! Yaushe Baba ya taɓa kauce ma ƙwarya da taku goma sha biyar?"

Ni ba wanda ya kula ni, sai wata tsohuwa da ta ba ni ruwa. Ba a ga laifina ba, don ai ba kusa da ƙwarya nake ba. Na karɓi ruwan na sha, na kuma yi shiru, shirun da har yau in na tuna nake jin kunya.

Barmo ya sauke bakansa. Illo ya rufe idon kamera da hularsa, ya durƙusa gabansa ya ce, "Baba, a yi haƙuri." Nan take dattawa suka yanke: ba a sake shigo da ƙarfen nan filin harbi. Aka kai magana buro, aka kira Illo aka yi masa faɗa, aka ce in ya sake haɗa gwamnati da maharba zai koma sitiyari. Amsarsa ɗaya: "A bari fim shi dawo."

A lokacin fim sai an aika shi ƙasar waje an wanko. Wata huɗu ya yi. Cikin wata huɗun nan Illo in ya shiga kasuwar Badagishiri yara na binsa suna kiransa mai ɗaure baka. Sallau kuwa yana ta shela cewa baɗi, ba ƙarfe a fili, Baba zai nuna wa Dogarawa. A nan matsalar take: Barmo zai sake tsayawa kan layi, jama'a a gefe da gefe.

Da fim ya iso, Illo ya kalla shi kaɗai. Da ya so, da ran kasuwa ya kafa zane ya wanke kansa gaban duniya. Abin da ya yi, ya zo lakwal ɗinmu ran Alhamis da azahar, ba yara, ya roƙi aron aji ɗaya. Muka toshe tagogi da tabarmi, aka tayar da injin wuta a waje. Ya je da mota ya ɗauko Barmo, shi kaɗai, ko Sallau bai sani ba. Ya ce ni ma in zauna, tunda da ni aka yi.

Aka kunna. Barmo na kan benci na farko. Can ya ce, "Illo, hayaƙi nika gani." Ya tashi ya matsa. Ya ƙara matsawa. Sai da ya kai inda numfashinsa ke motsa zanen, sannan ya tsaya. Tun daga nan na fara ganewa.

Ga kafaɗar Barmo a hoto, ga baka, ga kan kibiya. Can nesa farin abu biyu: ƙwarya, da hular wani wawa. Hannun tsohon bai yi rawa ko ta gashi ɗaya ba. Da na ɗan ɗaga hular sama, kan kibiya ya bi ta a hankali, kamar yadda ake bin barewa. Sannan ya saki.

"Maido," in ji Barmo.

Illo ya maido. Sau uku.

"Hannun ga nawa ne," in ji tsohon. "Babu wanda ya ɗaure shi."

"Babu, Baba."

"Ashe ido ne." Ya daɗe tsaye, inuwarsa a jikin zane. "Tun bara nika ganin abu biyu-biyu. Na ce ƙura ce." Ya juyo. "Kai ka san haka tun ran nan?"

"Na ga kan kibiya ya kauce, Baba. Na zaci iska kake auna. Kafin in buɗe baki ta riga ni."

"Mi ya hana ka faɗi, suna zagin ka?"

"Gaban mutanen Dogarawa? Maganata bisa ta Sarkin Baka?" Illo ya cire nadin fim ɗin daga inji ya aje shi a tafin tsohon, ya aje ashana a kai. "Wanga naka ne. In ka ce a ƙone, yanzu za a ƙone, ni kuma bakina alaikum. Abu guda nike roƙo: kada ka sake hawa layi."

Na zaci zai fusata. Ban taɓa jin an ce wa Sarkin Baka kada ya yi harbi ba. Ya juya nadin a hannunsa, ya juya. Sai ya waiwayo inda yake jin numfashina.

"Mushe, hular nan tana nan?"

"Tana nan, Baba."

"Ina na same ta?"

"Tsakiya, Baba. Daidai tsakiya."

Ya yi dariya har da tari, ya share ido da bakin riga. "To, alhamdu lillahi. Ko makaho ne ni, ban kuskure ba." Ya miƙa wa Illo nadin, ya riƙe ashanar. "Aje. Jikokina su gani yadda aka riƙon baka."

Da kaka ta zagayo, Barmo ya zo fili ba kwari a kafaɗarsa. Kafin a fara ya aika aka kira Illo, wanda ke zaune cikin mota nesa da mutane, ya kama hannunsa ya kai shi taku uku bayan layi, gefen hagu. Ya ce da ƙarfi, yadda na Dogarawa za su ji: "Bara ba ƙarfen wanga ba ne. Idona ne ya mutu, na ɓoye. Yaron ga ya ɗauki zagina wata goma sha biyu bai aje ba." Yaron da ake faɗa yana da furfura a gemu. Sallau ya sunkuyar da kai. Cindo, wanda mutanensa suka yi shewa bara, shi ya fara zuwa ya durƙusa gaban tsohon. Ni kuwa na koma bayan gawona, inda Allah ya ajiye ni tun farko.

Illo, kai ne ka koya mini cewa wanda ya ɗauki hoton mutum amana ya ɗauka. Kai ne ka riƙe gaskiya a hannu, mai wanke ka tas, ka ƙi fitar da ita sai ta ƙofar da ba za ta tsiraita dattijo ba. Da ka ɓoye ta gaba ɗaya, wataƙila da an yi jana'iza a fadamar nan baɗi. Da ka watsa ta a kasuwa, da an binne Barmo da rai. Ban san inda ka koyi bin tsakanin nan ba, don a lakwal dai ba ma koyar da shi. Mai ido a bayan kafaɗa, na gaishe ka.

Barmo ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Duk gasa yanzu jikokinsa sai sun sa an nuna musu nadin nan, kuma maharban Tsarnawa har aikowa suke a kai musu, don samarinsu su ga hannun da ba ya rawa. Ni ma a ƙarshe na fito a sinima. Ɗalibaina sun gane ni sarai.

Yanzu kamera ta fara yawa. Alhazai na dawowa da ita daga Makka, 'yan kasuwa na shigo da ita daga Najeriya. Bara na ga wani saurayi ya kwanta a gaban layi yana cewa maharbi ya ɗan yi murmushi. Ku da za ku gaji wannan aiki, ku je ƙofar gidan Illo da safe tun yana da ƙarfi. Ku jira ya gama sharar ido, ku gaishe shi, ku tambaye shi inda ake tsayawa. Mu dai mun gode, Illo. Allah ya ba ka hutu mai albarka, ya rufa maka asiri yadda ka rufa wa wasu.

Na ce masa zan rubuta wannan. Ya ci gaba da share ƙarfensa, ya ce, "Ka tambayi gidan Barmo?"

Ban tambaya ba. Fiye da shekara goma ina kallon mutumin nan, ban koyi darasin farko ba. Washegari na sayi goro na hau motar Badagishiri, na karanta wa Sallau daga farko har ƙarshe. Ya saurara, ya ce a buga, amma kada a cire wurin da ya yi wa Illo ihu. Ban cire ba.