Shaidata Kan Abin da Baba Wali Pettway Ya Gani

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Asabar, sha huɗu ga Oktoba, Allah ya karɓi ran Baba Wali Pettway a bencin 'yan kallo na filin ƙwallon zari-ruga na kwalejin garinmu, kafaɗarsa jingine da tawa, ledar gyaɗarsa a hannuna. Mutumin da ya ci soyayyar tarwaɗa da safe, ya yi mini faɗa wai na cika yaji, kafin magariba an lulluɓe shi da mayafi.

Baba, kai ka fara yi mini magana a masallacin Juma'a sa'ad da na zo Alabama, ban san kowa ba, karatuna kuma bai wuce allo ba. Ka kai ni shagon kifin matarka, Mama Earline, ka ce a ba ni aikin suya. Sakayyar da na yi maka ita ce zuba gishiri a shayinka mai ƙanƙara, da ɗaure igiyar takalminka a ƙafar kujera. Ba ka taɓa kai ƙarata ba. Iyaka ka ce, "Sagir, ranar da za ka faɗi gaskiya a garin nan, ba mai yarda."

A teburin lungu na shagon ka koya mini dabarar zaɓi, wadda ka tsufa kana koya wa 'yan wasan kwaleji. Kwalaben yaji su ne ƙartinmu masu tare hanya, kowa da wanda zai tare. Amma akwai abokin gaba ɗaya da ake bari da gangan, ba mai taɓa shi: kwalbar gishiri ke nan. Kai mai riƙe da ƙwallo, shi za ka nufa. In ya bi abokin gudunka, riƙe abinka ka wuce. In ya taho kanka, ka jira sai ya kusa kai maka karo, sannan ka cilla wa abokinka. Kai ka sha duka, wani ya ci. Da ka juya sai in sace gishirin, ka ce, "Mayar mini da mutumina, ja'iri."

Jikanka Tariq ke riƙe wa kwalejin ƙwallo. Tun da ya cilla bara ta faɗi ƙasa aka cinye su, ya daina saki. Ranar Alhamis kuka yi faɗa a kan haka, a gabana. Ka ce masa wannan tsoro ne, ba jarumta ba. Ya tashi ya bar abincinsa. Ba ku ƙara magana ba.

Ranar Asabar, ana dab da tashi, an fi mu ci, Tariq ya nufi mutumin da aka bari. Mutumin ya taho kansa. Tariq ya cilla, aka maka shi da ƙasa, abokinsa ya tsallake layin ƙarshe da ƙwallon, ya ci mana. Fili ya kaure da ihu. Na juyo in tsokane ka, sai na ga kanka a kafaɗata, ido a rufe. Na ɗauka ramuwar tsokanar da nake maka kake yi. Wallahi har dariya na yi, na ce, "Baba, wannan wasan nawa ne, tashi."

Bayan jana'iza Tariq ya same ni a bayan shago.

"Ɗan'uwa, ya gani?"

"Ya gani."

"Sagir, yau ba ranar shirmenka ba ce. Kai ne fa ka sa na zaga gari neman motata, alhali kai ka ɓoye ta. In lallashi ne, riƙe kayanka. Me ya ce?"

Na so in ce ka sa masa albarka. Maganar tana bakina, mai daɗi, a shirye. Na haɗiye ta, na faɗa masa abin da kunnena ya ji. Ƙwallo na cikin iska ka damƙi gwiwata ka ce, "Ya saki. Ya makara da rabin taku, mai taurin kan nan, amma ya saki. Dubi ƙaton nan na hagu yadda ya share hanya."

Tariq ya zauna kan bokitin mai.

"Rabin taku," in ji shi. "Shi ne. Kai ba ka da kan ƙirƙiro wannan."

Ya fara dariya, dariyar ta koma kuka, na zauna a ƙasa kusa da shi.

To Baba, na faɗi gaskiya, an kuma yarda, kai ne kawai ba ka nan. Gishirinka na kan tebur inda ka bar shi, ban taɓa ba.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya yalwata kabarinka, ya tare maka duk abin tsoro a hanya. Mama Earline, Tariq, jama'ar masallacinmu, da duk yaran da ya koya wa tare hanya don wani ya wuce: Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Amin.