Gumin Mutum Goma Sha Ɗaya, Suna Ɗaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 17 ga Nuwamba, 2009, Allah Ya karɓi ran Malam Ɗalhatu Funtuwa, direban bas ɗin leburorin ginin birnin Lusail, nan ƙasar Larabawa, bayan jinyar kwana uku. Washegari muka kai shi makwancinsa a maƙabartar Mesaimeer.

Yaya Ɗalhatu, kai ka tarbe ni a filin jirgi shekara bakwai da suka wuce. Ka bar mini katifarka, ka koma tabarma har wata biyu. Da kafil ɗina, uban gidan da ya ɗauko ni aiki, ya riƙe mini albashi, kai ka tsaya masa a ƙofa da guntun Larabcinka har ya biya.

Mu goma sha ɗaya muke adashe, kai ke riƙewa. Wata rana ka ce kuɗin da ke kwance ba ya haihuwa, mu sayi hannun jari ta hannun wani kamfanin dillanci na ƙasar waje. Ka nuna mana takarda: ko kamfanin ya rushe, akwai inshora. Bawah, mai gadin nan mutumin Kumasi, ya ce, "Yaya, ni sunana ma da ƙyar nake rubutawa. Buɗe asusun da naka, khalas, shi ke nan." Muka yi dariya, muka yarda. Haka muka saba a gida: babba ke riƙe wa kowa.

Ba mu san inshorar tana da iyaka ba, kuma sunan mai asusu take ƙirgawa, ba yawan masu gumi ba. Da kasuwa ta fara girgiza bara, ka sayar da rabin jarin, ka bar tsabar kuɗin a asusun don a ganinka sun fi tsira. Ashe iyakar abin da inshorar ke biya kan tsabar kuɗi ta fi ƙanƙanta. Kamfanin ya durƙushe, aka nemi dukiyar mutane aka rasa. Da kowa nasa ya buɗe, da ba wanda ya yi asara. Sai aka biya mu kason mutum ɗaya.

Ba zan yi ƙarya don ka mutu ba: ka yi kuskure. Kai kaɗai ka iya Turanci a cikinmu, kai ya kamata ka karanta ƙananan rubutun nan. Ginina na Zariya har yau ba rufi. Amma ɓarawo da na kira ka a gaban jama'a, wannan laifina ne ni kaɗai. Abin da ka ce kawai, "Isiyaku, Allah Ya huci zuciyarka." Shekara guda ina sauya sahu a masallaci don kada kafaɗata ta taɓa taka.

Sai a maƙabarta Bawah ya faɗa mini. Kuɗin da aka biya, gida goma ka raba su, ba ka ɗauki ko riyal ba. Ambulan da yake kawo mini duk wata, wai ragowar inshora ce, ladan jigilar da kake yi ranar Juma'a ne, ranar hutunka. Ni kuwa ina karɓa ina cewa, "Ka ga masu amana, ba kamar wasu ba."

An sami ambulan na wannan watan a aljihun rigarka, da sunana a kai. Ban buɗe ba. Na aika wa matarka, Hajiya Sakinatu.

Hajiya, ke da 'ya'yanki Kausar da Lubna, Allah Ya ba ku haƙuri. Mijinki bai ci haƙƙin kowa ba. Ni da na kira shi ɓarawo, ni nake janyewa.

Allah Ya jiƙanka, Yaya, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Na yafe maka tun a bakin kabari. Taka yafiyar ce na makara ban nema ba.