Waƙata a Tallar Taki

A motar haya nake, daga Tsafe zuwa Gusau, na ji waƙata a rediyon direba ana tallar takin zamani da ita. Baitocin da na rubuta wa manoman garinmu Bungudu ne, an cire gero da dawa an cusa sunan kamfani. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Mutum ɗaya na taɓa ba waƙar nan, wani mawaƙi abokina da ya roƙe ni zai rera ta a bikin ƙanensa. Na ce ya rera, amma a bikin kawai.

Ina sauka tasha na nufi shagon da yake ɗaukar waƙoƙinsa. Ko kunya bai ji ba.

"Malam, ai kai ka ba ni," in ji shi. "Waƙa in ta fita baki, ta kowa ce."

Na ce, "Aro na ba ka, ban ce ka sayar ba."

Na kai wa wata lauya littafin da na rubuta waƙar da hannuna. Ta ce haƙƙin mallaka nawa ne tun ranar da na rubuta ta, izinin biki kuma bai kai ga talla ba. Ta aika wa kamfanin takarda, suka janye tallar.

Shi kuwa har yau bai ba ni haƙuri ba. Yawo ma yake yana cewa baƙin ciki nake masa, kuma wannan ƙaryar ta fi satar ci mini rai.